Tsohuwar masoyiya da diyyar wanda aka yi sanadin mutuwarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni gurbi a wannan shafi in yi magana kan wata tambaya da ke tasowa idan sakacin wani ya yi sanadin mutuwar mutum, ko a kan hanya, ko a asibiti, ko a wurin aiki: shin wadda suka taɓa soyayya da mamacin suka rabu, ko matar da ya saka, tana da ikon shigar da ƙara ta nemi diyya? Zan tsaya kan dokokin Ingila da Amurka, domin a Ingila aka fara kafa irin wannan ƙara, jihohin Amurka kuma suka ɗauka daga can.

A shekarar 1808 wani babban alƙalin Ingila, Lord Ellenborough, ya yanke cewa a shari'ar neman haƙƙi ba za a karɓi mutuwar mutum a matsayin ɓarnar da ake biya ba, abin da ya sa wanda ya karya wa mutum ƙafa zai biya, wanda ya kashe shi kuwa ya tsira da kuɗinsa. Sai a 1846, lokacin da haɗurran jirgin ƙasa suka yawaita, majalisa ta kafa dokar da ta ba mata da miji da iyaye da 'ya'ya damar neman diyya. Tunda doka ce ta ƙirƙiri haƙƙin, wanda ta ambata ne kawai yake da shi, kuma kotu ba ta tambayar wa ya fi son mamacin ko wa ya fi yin kuka ranar jana'izarsa.

Dokar da ake aiki da ita yanzu a Ingila, ta 1976 tare da gyare-gyaren da aka yi mata, ta saka tsohuwar mata da tsohon miji cikin waɗanda za a iya yin ƙarar dominsu. Sai dai shiga jerin bai wadatar ba. Dole matar ta nuna cewa mutuwar ta yanke mata wani abin da take samu ko take sa ran samu. Idan kotu ta ɗora wa mutumin ciyar da ita bayan rabuwa, kuma kowane ƙarshen wata kuɗin na shiga asusunta tana biyan haya da su, to ranar da direban babbar mota ya take shi kuɗin sun tsaya, kuma wannan asara ce da za a iya lissafawa. Idan kuwa kowa ya kama gabansa ba abin da ke tsakaninsu, ba ta da abin nema. Akwai kuma wani ƙayyadadden kuɗi na ta'aziyya, fam 15,120 tun daga Mayun 2020, wanda matar da aka saka ba ta da rabo a cikinsa ko kaɗan.

Inda maganar ta fi tsauri shi ne ga waɗanda ba su yi aure ba. Dokar ta yarda da mutum biyu da suka zauna gida ɗaya tamkar miji da mata, amma da sharaɗin zaman ya kai shekara biyu, kuma suna tare har lokacin mutuwar. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ƙi amincewa da buƙatar wata mata da ta zauna da mutum wajen wata shida kafin ya mutu a wurin aiki, tana ɗauke da cikinsa. A 2017 kotun ta ba wata mata gaskiya, wadda ta shekara 16 tare da mamacin amma aka hana ta kuɗin ta'aziyya, har aka gyara dokar a 2020. Dukansu biyu ba su rabu da mazan ba. Wadda ta kwashe kayanta wata guda kafin haɗarin, ko da ta shekara goma a gidan, ƙofar ta riga ta rufe mata.

A Amurka kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya an ambaci mata ko miji, da abokin zaman da aka yi wa rajista, da 'ya'ya, sannan masu gado. A New York kuwa wakilin dukiyar mamacin ne ke shigar da ƙarar a madadin magada, kuma asarar kuɗi kaɗai ake biya. Galibi idan kotu ta kammala raba aure, tsohuwar matar ta fita daga lissafi, alhali wadda suka raba gida kawai, takardar saki ba ta fito ba, tana nan a matsayin mata.

A ganina, hana tsohuwar budurwa ko tsohon saurayi neman diyya daidai ne. Da an buɗe wannan ƙofa, da kotu ta koma wurin tone-tonen saƙonnin waya da hotuna, iyayen mamacin da marayunsa na zaune ana raba musu abin da ba shi da yawa da wadda shi kansa ya riga ya rabu da ita. Abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba shi ne a ce matar da aka saka tana iya kawo hujjar dogaro a saurare ta, amma wadda ta bar aikinta ta reni 'ya'yan mutum shekara da shekaru, yana kuma ci gaba da ciyar da ita bayan rabuwa, ba za a ko duba hujjarta ba. Ya kamata ma'aunin ya zama dogaro na gaskiya da za a iya tabbatarwa da takardun banki.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'ya'ya. Uwa takan ji an ce ba ta da haƙƙi, sai ta ɗauka ɗanta ma haka, ta haƙura. Wannan kuskure ne mai tsada, domin ɗa yana da haƙƙinsa na kansa ko iyayensa sun yi aure ko ba su yi ba, ko suna tare ko sun rabu. A waccan shari'ar ta 2013 ma, yaron da aka haifa bayan mutuwar ubansa an karɓi tasa buƙatar. Uwar ce za ta tsaya masa a matsayin waliyya. A Ingila ƙara ɗaya tak ake yi kan mutuwa ɗaya, don haka idan dangin mamacin suka riga ta zuwa kotu, wajibi ne ta tabbatar an rubuta sunan yaron cikin masu dogaro kafin a sasanta. Wa'adin da aka saba shi ne shekara uku a Ingila, biyu a Kalifoniya da New York, saboda haka ta ga lauya tun shaidu suna tune da abin da ya faru, kafin rahoton 'yan sanda da takardun asibiti su yi wuyar samu.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku