Wasiƙa zuwa ga Nasiru, kan gwanjon kalmomi

Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Nasiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya sanyin Jos? Mu nan zafi ya kama gadan-gadan, tun kafin azahar kwalta take turiri. Hajiya tana gaishe ka, ta ce tun bikin Sani ba ta ƙara jin ɗuriyarka ba.

Saƙonka ya iso, na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce kana so ka sa tallan shagonka na sola a Google, nawa ake biya. Tambayar da na yi ke nan bara, da na fara neman 'yan kasuwar Legas da Abuja su sayi shinkafarmu ta Suru da Argungu. To, babu tsayayyen farashi, gwanjo ne. Duk sanda wani ya rubuta kalma yana nema, nan take ake yin gwanjo tsakanin waɗanda suka taya wannan kalmar. Kai za ka faɗi iyakar abin da za ka biya idan an latsa tallanka. Wanda ya gani ya wuce bai latsa ba, ko kwabo ba a cire maka a kansa.

Amma ba irin cinikin kasuwar Jega ba ne, inda wanda ya fi tayi shi ake sallama wa. Ana duba tayinka, ana kuma duba ingancin tallan: ya dace da abin da mutum ke nema? Mutane na latsa shi? Shafin da yake kai su yana da amfani? Har maki Google suke nuna maka, daga 1 zuwa 10. A ce ka taya naira 200, wani ya taya 350, sai ka hau samansa idan nasa tallan shirme ne. Kuma sau da yawa ba a cire maka duk abin da ka taya, sai daidai abin da zai sa ka wuce na bayanka. Tun shekarar 2000 suke harkar talla da sunan AdWords, a 2018 suka mayar da shi Google Ads, don haka in ka ci karo da tsohon sunan a bidiyo, abu ɗaya ne.

Bari in ba ka labarin wautata, ka yi dariya. Kalma ɗaya na taya, shinkafa, da Turanci, na bar ta a buɗe, wato duk neman da ya yi kama da ita tallana ya fito. Kwana shida kuɗin da na ware na wata ya kusa ƙarewa, waya ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Ranar na bakwai ina zaune bakin shago bayan la'asar, buhuna jibge a bayana, yaron shagona ya nuna mini inda ake ganin ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su latsa. Nasiru, masu neman yadda ake girka dafa-duka ne! Da masu neman tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, da wata da alama ɗaliba ce mai aikin makaranta. Ni kuwa duk latsawa ina biya. Ba laifin kowa ba ne, ni na buɗe ƙofa na ce kowa ya shigo.

Daga ranar na koma taya kalmomi masu tsawo, irin su shinkafar Kebbi buhu mai kilo 50 a sari. Masu neman su kaɗan ne, amma wanda ya rubuta haka kuɗi na aljihunsa. Akwai kuma wurin da ake jera kalmomin da ba ka so tallanka ya fito a kansu, na zuba girki, kyauta, tukunya, aikin yi. Kai ma ka sa kalmomin koyo da kyauta a wurin tun ranar farko, don masu son koyon haɗa sola za su cinye maka kuɗi. Ka taƙaita yankin zuwa Jos da Bukuru, kuma ka zaɓi mutanen da suke cikin garin, ba masu sha'awarsa daga nesa ba, wannan zaɓin yana ɓoye a ciki sai ka tona.

Kasafin yini ma, wato kuɗin da ka ce a kashe maka a rana, kada ya tayar maka da hankali. Wata rana za a iya kashe ninki biyu na abin da ka sa, amma a wata ba zai wuce kasafin yini sau 30.4 ba. Ka ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a lissafinka, ni na manta da shi a farko.

Yanzu ba kuɗin latsawa nake kallo ba, nawa na kashe kafin mutum ɗaya ya saya nake kallo. Ribar buhu ɗaya ba ta da yawa, sai mai ɗaukar ashirin ko talatin ne ke mayar mini da kuɗin talla. Kai kuwa haɗa wa gida ɗaya sola zai iya biyan tallan wata guda, sai dai ina zato kalmominka za su fi nawa tsada, tunda masu tayi sun san da wannan ribar. Ka fara da kaɗan, mako biyu, ka ajiye littafi kusa da waya, duk wanda ya kira ka tambaye shi a ina ya gan ka.

Buhun da na yi maka alkawari yana nan, na ware tun makon jiya. Direban da ke zuwa Jos ranar Alhamis zai taho da shi, zan turo maka lambarsa. Ka gaishe da Maman Hafsa da yara, ka kuma kira Hajiya don Allah, ni na gaji da kare ka.

Naka,
Bello