A rarrabe abin da aka gwada a kan ɓeraye da abin da aka gwada a kan mutane

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji shirinku na kiwon lafiya kan sinadaran peptide da ake cewa suna jinkirta tsufa. Kun kyauta da kuka taɓo batun. Ina da ƙarin bayani, gara ya isa kunnen jama'a kafin ƴan kasuwa su riga mu.

Peptide, wato ƙananan sinadarai dangin furotin, ba baƙo ba ne a likita. Insulin da masu ciwon suga ke yin allurarsa na cikin danginsa, tun 1921 aka gano shi a Kanada. A 1963 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Bruce Merrifield, ya fito da hanyar haɗa irin waɗannan sinadarai a ɗakin bincike, ya ci kyautar Nobel a 1984. Semaglutide, maganin ciwon suga da rage ƙiba wanda ake sayarwa da sunan Ozempic, shi ma peptide ne. An gwada shi a kan mutum sama da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, aka ga ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100. Wannan shi ake kira gwaji.

Waɗanda ake yi wa kirari da maganin tsufa kuwa, labarinsu daban. Epitalon ya fito daga cibiyar binciken masani Vladimir Khavinson a Saint Petersburg ta Rasha, kuma galibin abin da aka wallafa a kansa daga hannun mutanensa ne, a kan ƙwayoyin halitta cikin kwalba da ƙananan dabbobi. BPC-157 ma kusan duk shaidarsa a jikin ɓeraye take, hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya kuma ta haramta shi tun 2022. Babu ko ɗaya da aka tabbatar ya ƙara wa ɗan Adam shekara. Kallon kitse ake wa rogo.

Abin da ya fi damuna shi ne nan gida. Na yi shekaru ina aikin farmasi a Tahoua, na san yadda muke lallaɓa insulin a firji idan an ɗauke wuta. Zafi na lalata irin waɗannan magunguna. To, ina ga ƴar kwalbar da aka yi odarta ta WhatsApp, ta kwana a tasha, ta wuni kan tiren mai talla a zafin Afrilu? Ba wanda zai iya faɗa maka abin da ke ciki. Manyanmu ba su manta da jabun allurar sanƙarau ta 1995 ba.

Kuma dattijon da ke da jika 50 na sayen allurar hana tsufan nan, sau da yawa ko awon hawan jini bai taɓa yi ba.

Roƙona ku gayyato malami daga sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ku ba masu sauraro layi su yi masa tambaya kai tsaye.

Naku,
Tsohon ma'aikacin farmasi, Tahoua