A Gwada Zagayen Farashi Kafin A Zuba Kuɗi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu yi magana a kan abin da ke cinye jarin matasanmu a Telegram da WhatsApp. Ana turo musu zanen farashin zinare ko na dala, an jajja layuka, an ce duk bayan kwana 20 farashi yana sauka ƙasa sannan ya tashi, saboda haka ranar kaza ce ranar saye. Yaro ya biya kuɗin wata, a riƙa aiko masa da sigina, wato saƙon lokacin saye ko sayarwa. Mu da nazarin kasuwa ne aikinmu ba mu ce babu zagaye ba. Akwai shi, amma yana da sharuɗɗan da masu tallar nan ba sa faɗa.

Kowane ɗan Dawanau ya san hatsi yana araha da kaka, yana tsada da damina, kuma ya san dalili. Irin wannan zagayen mai dalili yana nan a manyan kasuwanni. Buƙatar zinare tana ƙaruwa a Indiya lokacin bikin Diwali da na aure, a Sin kuma gab da sabuwar shekararsu. Babban bankin Amurka yana zama sau takwas a shekara kan kuɗin ruwa, kuma dala da zinare suna motsi a ranakun. A kasuwar hannun jari ta Legas, ranar da aka rufe rajistar masu karɓar ribar kamfani, ana zare ribar daga farashin hannun jarin. 'Yan canji a Wapa sun san yadda ake neman dala gab da aikin Hajji. Duk waɗannan ana iya duba su a kalanda.

Zagaye iri na biyu shi ne wanda ake ƙirgawa da kwanaki. Wani injiniya Ba'amurke, J. M. Hurst, ya yaɗa shi a shekarun 1970, ya ce farashi yana ɗauke da zagaye na kwana 5, 10, 20, 40 da 80, sai mako 20, mako 40 da wata 18, kowanne a cikin na sama da shi. Shi da kansa ya yarda tsawonsu yana miƙewa yana tsukewa. A nan ne aikin yake.

Mai son gwadawa ya samo farashin rufe kasuwa na kwana 750, wajen shekara uku ke nan ta ranakun ciniki. Ya ware kwana 250 na ƙarshe, kada ya ko leƙa su. A cikin 500 na farko ya yi alama a duk inda farashi ya kai ƙasa ya juya, ya ƙirga kwanakin da ke tsakani. Daga kwari zuwa kwari ake ƙirgawa, domin tudu ya fi yawo: idan kasuwa tana hawa yakan zo a makare, idan tana sauka ya zo da wuri. A ce ya samu 18, 23, 19, 26, 17. Matsakaicinsu ya kusa 21, amma tazarar ta kama daga 17 har 26. Abin da yake hannunsa ke nan tagar kwana goma, kuma wanda ya ba shi rana guda tak ya faɗi abin da lissafin bai faɗa ba. Idan bai ga zagayen ya maimaitu aƙalla sau goma ba, ya ajiye shi. Idan ya gani, sai ya rubuta ƙa'idarsa a takarda, yaushe zai shiga, yaushe zai fita, sannan ya buɗe kwana 250 ɗin nan ya bi ta a kansu ba tare da ya gyara ko harafi ba. Ya cire kuɗin dillali da bambancin farashin saye da na sayarwa a kowane ciniki. Yawancin zagayen da ake talla a nan suke mutuwa.

Akwai tarko biyu a cikin lissafin kansa. Don zagaye ya fito fili, ana ɗaukar matsakaicin kwana 20 a mayar da shi baya da kwana 10 ya zauna a tsakiya. Sai zanen baya ya yi kyau ƙwarai, amma kwana goman ƙarshe, waɗanda a kansu za a yanke shawara, babu komai a wurin sai cike da zato. Na biyu ya fi muni. Tun 1927 masanin Rasha Eugen Slutsky ya nuna cewa idan aka jera lambobin da aka zaro barkatai babu tsari, aka yi ta ɗaukar matsakaicinsu, igiya mai hawa da sauka za ta fito kamar da gaske.

Ko zagayen ya tsira daga gwaji, hukuma ba ta duba shi kafin ta yanke hukunci. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya cire shingen 1.20 da ya sa tsakanin kuɗinsa da yuro, farashi ya yi tsalle kusan kashi 30 cikin ɗari a 'yan mintuna, har wasu dillalai suka karye. A gida, ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar hukuma ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Masu karatu a Maraɗi da Damagaram su lura cewa sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka wanda ke hasashen sefa da dala, yuro da dala yake hasashe. Mai sayen zinare a Kano kuma farashi biyu yake ɗauka a kai, na oza a dala da na dala a naira. Oza giram 31.1 ce, kuma zinare mai karat 21 kashi 87.5 ne tsantsarsa. Yana iya cin hasashen farashin zinare na kasuwar Landan ya faɗi a canji.

Saboda haka girman ciniki ya fi ranar shiga muhimmanci. Mai jarin naira 500,000 kada ya yarda ya rasa fiye da kashi ɗaya, wato 5,000, a ciniki guda. Idan zai sayi hannun jari a naira 50, ya sa iyakar asararsa a 47, ƙasa kaɗan da kwarin da ya wuce, to naira 3 ce a kan kowane hannu, kuma abin da zai saya bai wuce 1,666 ba. Farashi ya karya 47, zagayen ya ƙaryata kansa, sai a fita a ranar. Amma wanda dillali ya ninka wa jari sau 100 da rance, motsin kashi ɗaya ya isa ya share abin da ya ajiye. A 2018 hukumar kula da kasuwannin Tarayyar Turai ta samu cewa kashi 74 zuwa 89 na ƙananan masu irin wannan cinikin asara suke yi, ta taƙaita ninkin a 30 ga manyan kuɗaɗe, 20 ga zinare. Ga kuma batun kuɗin ruwan da ake cirewa idan ciniki ya kwana, da sharaɗin hannu da hannu a cinikin zinare da azurfa, wanda ya kamata mutum ya kai wa malami tun kafin ya buɗe asusu.

Muna roƙon jaridarka, duk mai kawo tallar sigina a nemi ya nuna lasisinsa na Hukumar Kula da Hannun Jari ta Ƙasa, da jerin hasashensa na wata shida da suka wuce, kowanne da ranar da aka fitar da shi, har da waɗanda suka faɗi.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin kasuwar kuɗi da hannun jari, Kano.