Kuɗin 'yan kartar poker ba irin na 'yan ƙwallo ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in tsoma baki a wata magana da ake ta yaɗawa, wai manyan 'yan kartar poker yanzu sun kamo 'yan ƙwallo wajen samun kuɗi. Ba hukuncin caca zan shiga ba, wannan malamai sun riga sun gama bayani, lissafin kawai nake so mu duba.

Eh kuɗin da ake ci kam akwai ɗaga hankali. A 2023 Daniel Weinman ya ci dala miliyan 12.1 a babbar gasar duniya ta Las Vegas, Bryn Kenney kuma ya kwashi sama da dala miliyan 20 a gasa ɗaya a Landan a 2019. To amma abin da ba a faɗa shi ne kowa da kuɗinsa yake sayen kujera, ta Las Vegas ɗin dala 10,000 ce kuma mutum sama da 10,000 suka biya a shekarar, mafi yawansu ko sisi ba su koma gida da shi ba, daga aljihunsu aka haɗa abin da aka ba Weinman. Ta Landan kuwa kuɗin shiga ya haura fam miliyan 1, wa zai iya biyan wannan shi kaɗai? Shi ya sa da yawansu sai su nemi masu kuɗi su zuba musu wani kaso, in an ci a raba, ga haraji ga kuɗin jirgi da otal, kafin ka ankara wannan tulin dalolin da aka jera a gabansa ana ɗaukar hoto ya zaizaye.

Daniel Negreanu fa, wanda duk mai bin harkar ya san shi, da kansa ya fitar da lissafinsa na 2017: ya ci kusan dala miliyan 2.8 amma abin da ya kashe wajen shiga gasanni ya fi haka. Shekara guda cur yana zaune a teburi kuma asara ya tashi da ita, alhali a takarda sai ka ce miloniya ya ƙara kuɗancewa.

Shi ɗan ƙwallo ai ba ya biyan kulob don a sa shi a fili. Kwantiragi gare shi, ko ya karye yana jinya albashi na shiga, ga kuɗin talla. Shohei Ohtani, ɗan wasan ƙwallon baseball, ya sa hannu da kulob ɗin Dodgers na Amurka kan dala miliyan 700 na shekara 10 tun kafin ya buga musu wasa ko ɗaya. Mujallar Forbes ta ce Ronaldo ya samu dala miliyan 260 a lissafinta na 2024, shekara ɗaya kenan fa, su kuwa waɗanda ke kan gaba a tarihin gasannin poker duk abin da kowannensu ya ci tun da ya fara bai kai rabin wannan ba, kuma ba a ma cire kuɗin shiga ba tukuna.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku