Ɗaliban ajin ƙarshe, ku ƙirga firam kafin ku ɗauko ganuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin ɗaliban ajin ƙarshe na manyan makarantun Katsina da suka zaɓi yin furojet a kan zanen kwamfuta mai motsi, musamman masu ƙera muhalli: gine-gine, lunguna, itatuwa, haske da yanayin gari.

Haɗama ce ke kayar da yawancinsu. Sai ka ga ɗalibi ya rubuta zai gina tsohon birni kaf, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, da Hasumiyar Gobarau da fadar Sarki a ciki, shi kaɗai, cikin zango ɗaya. Zaure guda da lungun gabansa, ko harabar Rijiyar Kusugu ta Daura, sun isa samun maki mai kyau idan an yi su da kyau.

Ga lissafin da ba a so a yi. Daƙiƙa ɗaya ta fim firam 24 ce, wato hotuna 24 a jere, minti ɗaya kuwa 1,440. Idan kwamfutarka na cin minti 5 kafin ta fitar da firam guda a Cycles, injin fitar da hoto na manhajar Blender, fim na minti ɗaya awa 120 ke nan, kwana 5 cur ba kashewa, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Don haka tun a makonnin farko a gwada renda (wato fitar da kammalallen hoto) na firam ɗaya, a duba agogo, a ninka. In lissafin ya fi ƙarfi, a koma Eevee, injin Blender da ya fi sauri, ko a sauko da girman hoto daga 1920x1080 zuwa 1280x720, ko a rage tsawon fim ɗin. Kada kuma a fitar da shi kai tsaye a matsayin bidiyo. A fitar da kowane firam daban a matsayin hoton PNG, ta yadda in wuta ta ɗauke a na 900, sai a ɗora daga 901. Fayil ɗin bidiyo na MP4 da ya katse a tsakiya yawanci ba ya ma buɗewa.

Kafin a taɓa kwamfuta, a je wurin da ƙafa, da tef ɗin awo, bayan an nemi izinin mai unguwa ko mai gidan. A auna ƙofa, kaurin bango da faɗin lungu. Hoton bango a ɗauke shi da sassafe ko ranar da hazo ya rufe rana, domin inuwar tsakar rana tana manne wa hoton, daga baya ta yi karo da hasken da ka saka.

Sannan a jera akwatuna marasa launi a madadin gine-gine, a tsayar da siffar mutum mai tsawon mita 1.7 a gefensu, a kafa kamara, a gama tafiyarta. Abin da kamara ba za ta gani ba, kada a gina shi. Bayan soro da babu mai leƙawa ya cinye wa ɗalibai da dama makonni a banza.

Inda aikin yake shi ne ginin ƙasa. Kwamfuta na son layi miƙaƙƙe da kusurwa mai kaifi, bangon tubali kuwa ba shi da ko ɗaya. Gindinsa ya fi samansa kauri, kusurwoyinsa a dulmuɗe, yaɓen makuba na ɗauke da sawun hannun magini. Ku dubi ƙarƙashin indararo, za ku ga zanen da ruwan damina ya bari. Ku dubi bakin zaure, inda kafaɗu da hannuwa suka goge yaɓen har ya yi sulɓi. Zankwaye ma ba su taɓa zuwa tsawo ɗaya ba. Wanda ya tsallake waɗannan, bulo da siminti ya gina, ya shafa masa jan fenti.

Hoton lulluɓi, wato hoton da ake lulluɓe bango ko wani abu da shi a kwamfuta, mai girman 4K na iya cin kusan megabait 64 a ƙwaƙwalwar kwamfuta, na 2K kuwa 16. Laftof mai gigabait 8 ba ta jure da yawa, sai a bar 4K ga abin da ke dab da kamara. Bishiyar darbejiya ko tulu da za a maimaita, a kwafe su a Blender da maɓallan Alt+D maimakon Shift+D, don su yi tarayya a gangar jiki ɗaya, ƙwaƙwalwa ta samu sauƙi. Ƙera hazon hunturu a cikin muhallin kansa yana ninka lokacin renda; ya fi sauƙi a ƙara shi a matakin haɗa hoto, bayan an gama renda. Ranar kare furojet kuma, in bango ya koma ruwan hoda a kwamfutar sashe, hotunan lulluɓin ne aka baro a gida. A danna Pack Resources a Blender, wanda ke haɗa hotunan cikin fayil ɗin aikin, kafin a kwafa a filas, a ajiye kwafi biyu.

Roƙonmu ga malamai masu duba furojet: babi na ɗaya zuwa na uku ba sa nuna ko fim zai kammalu. A nemi ganin akwatunan nan marasa launi da tafiyar kamara zuwa mako na huɗu, tare da lissafin awannin renda a rubuce, sannan a sa hannu.

Wassalam.

Wasu masu koyar da zanen kwamfuta,
Katsina