Ƙoramar bayan gari ta tashi bana

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Legas, ya iyali, ya aiki? Ka tambaye ni labarin ruwan da ka gani a Facebook, to gara in rubuto maka da tsawo don waya ba ta isa.

Ka tuna ƙoramar bayan garinmu, wadda da rani ba komi cikinta sai yashi muna buga ƙwallo a kai? Ita ce ta tashi daren Talata. Wlh ko ɗigo bai sauka garinmu ba, can gabas anka yi ruwan, mu dai ƙara munka ji kamar tirela na tahowa, kahin a kwance awaki ya shigo.

Da sahe na ɗau babur na bi bakinta ina duba shaidar laka da ruwa ya bari jikin katangu. Wurin da take matsewa tsakanin marmara, a katangar masallaci na ƙirga bulo biyar, kusan ƙirjina kenan, amma cikin awa biyu ya janye, abin da ya ɗauka kaji ne da rumfa guda da zanan darni. Da na gangara wajen su Kawu inda take bajewa cikin fadama, bulo biyu kacal, iya gwiwa, kowa na cewa ai su Kawu sun tsira.

Ina! Ruwan nan kwana huɗu yana kwance, kwalbatin titi ya toshe da leda da karan gero ba hanyar hita, ya jiƙa gindin ɗakunan ƙasa har sunka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na iske Kawu tsaye gaban rumbunshi da ya zauna, ya sa hannu ya ɗebo geron bara duk ya yi tsiro yana warin tsami, bai ce mani komi ba. Shinkafarshi kuma yashi ya binne ta.

Kana nan a 2010 da anka buɗe dam ɗin Goronyo, Gulbin Rima ya cinye gadar Kwalkwalawa har anka rufe jami'ar Ɗanfodiyo, wannan duk ƙasa ta ji don gulbi ne babba. Ƙananan nan ba mai auna su. Masu zuwa rubuta sunaye ma tambaya guda suke yi, ruwa ya kai ina, ka nuna gwiwa su wuce, ba su tambayar kwana nawa ya yi, abin ga yana ci mani rai sosai.

Asabar muna gayyar yashe kwalbatin tunda Agusta bai ƙare ba. In kana da hali dan Allah ka turo ko na siminti buhu biyu ne, so muke mu ɗaga gindin ɗakin Inna kahin wani ruwan.

Ka gaida madam da yara.

Naka na kullum,
daga Sakkwato