Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa: 'Ya'yanku Na Legas Fa?

Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a matsayinka na jagoran gwamnonin jihohin Arewa 19, kan wasu ɗalibai naku da babu hukumar tallafin karatun da ke sa su a lissafi. Ina nufin 'ya'yan 'yan Arewa da aka haifa a Legas, suka yi firamare da sakandare a nan, suka ci WAEC da JAMB, suka sami gurbi a jami'ar jihar Legas (LASU) da ke Ojo ko jami'ar Unilag ko kwalejin fasaha ta Yabatech, sannan kuɗin rajista ya tsaya musu a wuya.

Mu ba baƙin jiya ba ne a garin nan. Fatauci na goro da shanu ne ya kafa Zangon Agege, jirgin ƙasa kuma da ya isa Kano a 1911 ya ƙara ƙulla zumuncin. A yau akwai gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende waɗanda kakan kakansu ne ya sauka, jikokin kuwa ba su taɓa ganin Kwanar Dangora ba. Amma sashe na 318 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, ba da inda aka binne wa mutum cibiya ba. Saboda haka kuɗin alawus na ɗalibai da hukumar tallafin karatu ta Legas ke rabawa na 'yan asalin jihar ne, kuma ban ga laifinsu ba, domin haka kowace jiha take yi, har da namu. Sai a ce wa yaro ya nema a jiharsu. A nan gizo ke saƙar.

Bari in ba ka labarin wata ɗalibata, 'yar wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Ta sami gurbin karatun haɗa magunguna. Jiharsu ta sanar da tallafi, aka ce sai da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, kuma sai mutum ya bayyana da kansa ranar tantancewa. Uban ya rufe rumfa, suka hau motar dare, tafiyar sama da kilomita 1,000, da takardunta a cikin leda cikin jakar tufafi. A sakatariya aka ce su kawo wasiƙar dagaci. Dagaci ya ce sai mai unguwa ya shaide su. Mai unguwar da ya san kakanta ya rasu, ɗansa da ya gaje shi ya saurari Hausarta mai gardin Yarbanci ya ce, "Alhaji, wannan anya tamu ce?" Da ƙyar wani tsoho ya tuna gidansu. Kafin takarda ta fito, an rufe tantancewa. Da uban ya zauna ya yi lissafi, kuɗin motar zuwa da dawowa na mutum biyu ya haura abin da za a ba ta ko da ta samu. Kai da ka riƙe Kwamishinan Kuɗi shekara da shekaru, ba sai na fassara maka wannan lissafin ba.

Yaran nan sun zama jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma haka. A Legas "aboki" ne sunansu, a gida kuma "'yan Ikko".

Na san jihohinmu na kashe kuɗi a wannan fanni. A 2023 Kano ta farfaɗo da shirin tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, wasu jihohin kuma na biya wa ɗalibansu kuɗin rajista. Sai dai sanarwar kan fita a gidajen rediyon jiha, tantancewar kuma a babban birnin jiha, sau da yawa a daidai lokacin da makarantun Kudu ke tsakiyar zangon karatu. Abin da ke iso mana nan shi ne saƙonnin WhatsApp na 'yan damfara masu cewa a tura kuɗin fom, kuma iyaye na turawa, don ba su da inda za su je su tambaya.

Abin da ya ɗan share mana hawaye shi ne rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai rancen karatu na gwamnatin tarayya. Tun da aka sabunta dokar a Afrilun 2024 aka buɗe shafin a watan Mayu, ɗalibin makarantar gwamnati na iya nema daga wayarsa da lambar JAMB da NIN da BVN, a biya masa kuɗin makaranta, a ba shi naira 20,000 a wata. Babu ruwa a ciki, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da malamanmu, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Babu wanda ya tura kowa wurin dagaci. In hukumar tarayya za ta iya tantance ɗalibi ba tare da ya hau mota ba, me zai hana jiha? Amma fa bashi bashi ne. Bai kamata ɗan wata jiha da ke zaune a gida ya sami kyauta, ɗan'uwansa na Agege kuwa rance kaɗai ya rage masa ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da lambar JAMB ɗin ma, kuma su ne suka fi yawa. Da Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, samarinmu da dama sun wayi gari ba sana'a. Alhali ga kwalejojin fasaha na jiha a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, ga masu gyaran waya a kasuwar Computer Village, ga kanikawa a kewayen kasuwar Ladipo. Kuɗin sallamar ubangida da na kayan aiki kawai ke hana yaro shiga, kuma bai kai abin da ake kashe wa ɗalibi guda a ƙasar waje ba ko kusa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ba ya bukatar sabon gini. Wasu daga jihohinmu na da ofisoshin hulɗa a Legas tun zamanin da take babban birnin tarayya. A haɗa kai a buɗe teburi guda a ɗaya daga cikinsu, inda ɗalibi zai cike fom, a tantance shi, a kuma ba shi takardar shaidar asali bisa shaidar sarakunan Hausawa na unguwanninmu, waɗanda suka san kowane gida fiye da mai unguwar da bai taɓa ganin yaron ba. A ware wani kaso don masu koyon sana'a. Sanarwa kuma ta riƙa zuwa masallatan Juma'a da fadojin sarakunan nan kafin a rufe, ba bayan an rufe ba.

Sannan idan kun haɗu da Gwamna Babajide Sanwo-Olu a taron gwamnoni, ku tayar masa da zancen musaya: Legas ta duba yaran da aka haifa a cikinta masu katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, ku kuma ku duba 'ya'yan Yarabawan da aka haifa a Sabon Garin Kano da Zariya da cikin Gombe. Su ma wannan matsalar ce ke cin su, kuma zai fi sauƙi ya saurare ku idan kun je da taku gudummawar a hannu.

Ina fatan batun zai shiga ajandar zamanku na gaba a Kaduna, kafin makarantu su buɗe rajistar sabon zango.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin sakandare,
Agege, Legas.